Gejin mai a tsofaffin motoci: Yadda ake gano inda cutar take kafin a kashe kuɗi

Daga watan Janairu zuwa Afrilu, lokacin da tumatir ke nuna a gonakin rani na Kura da Bunkure da Garun Malam, babu abin da manomi ke nema ido rufe kamar motar da za ta kwashi kwandunansa da sassafe, ta kai su kasuwar Kwanar Gafan kafin rana ta take. Mafi yawan motocin da ke wannan jigila sun kwana biyu a duniya: akori-kura ƙirar Peugeot 504, da J5, da Canter, da Hiace, da ƙananan Golf da ake cusa wa buhuna har bakin gilashi. Duk wanda ya leƙa gaban direba a irin waɗannan motoci, ba wuya ya tarar allurar gejin mai ta kwanta a kan E ko ta maƙale a kan F, ta shekara ba ta motsa ba.

Direbobi da dama sun ɗauki wannan a matsayin ƙaramin aibu, tunda mota tana tashi kuma tana tafiya. Ana gane girmansa ne ranar da inji ya yi tari sau biyu ya mutu a kan hanyar gefen kanal, da kwando talatin a baya, ga gidan mai da nisa. Kafin a samu babur a je a sayo galan a dawo, rana ta fara dafa kayan, manyan motocin da ke lodin Kudu sun cika, farashin safe kuma ya wuce. Asarar wuni ɗaya irin wannan takan ninka kuɗin gyaran gejin sau da yawa.

Yankin kansa ba ya raga wa mota. Shirin noman rani na Kogin Kano, wanda ke shan ruwa daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da shi, an tsara kashinsa na farko a kan kimanin hekta 22,000. Da zarar mota ta sauka daga titin Kano zuwa Zariya ta nufi gonaki, sai jar ƙasa da gargada da ramuka. Da rani ƙura, da damina taɓo, a kowane lokaci kuma ga ruwan da ya ɓalle daga magudana ya kwanta a hanya. Girgiza da ƙura da laima su ne manyan abokan gabar gejin mai, kuma a nan duka ukun suna wuri ɗaya.

Akwai kuma abin da ya ƙaru a 'yan shekarun nan. Tun daga 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, zuwa ƙarshen 2024 kuma ta wuce Naira 1,000 a wurare da dama. Cika tanki ya zama sai mai hali. Direba yakan sha man da zai kai shi ya dawo da shi ne kawai, don haka tanki ya koma zama a kwatar ƙarshe. A nan ne aka fi bukatar geji ya faɗi gaskiya, kuma, kamar yadda za a gani a gaba, wannan ɗabi'a ce ke saurin kashe shi.

Abubuwa uku ne kacal

Duk da yadda ake ganinsa kamar wani abin asiri, gejin mai na tsohuwar mota ba ya wuce sassa uku: na'urar da ke cikin tanki, da agogon da ke gaban direba, da wayar da ta haɗa su.

Na'urar cikin tanki ta yi kama da ƙwallon da ke cikin tankin ruwan ban-ɗaki na zamani. Akwai wani ɗan tulu mara nauyi, na tagulla ko na roba, da ke yawo a saman mai. Yana maƙale a ƙarshen wani siririn hannu na ƙarfe. Ɗaya ƙarshen hannun yana ɗauke da ɗan harshe da ke goga a kan wani faranti mai layi-layi, ko a kan siririyar waya da aka nannaɗe. Idan mai ya yi sama, tulun ya tashi, harshen ya matsa gefe guda. Idan mai ya ja baya, ya koma ɗaya gefen.

Manomin rani zai fi kowa saurin fahimtar aikin wannan faranti, domin daidai yake da ƙofar da ake sakin ruwa daga babban kanal zuwa ƙarami. A ɗaga ta, ruwa ya kwarara. A sauke ta, ya ragu. Farantin yana yi wa wutar lantarki haka: yana buɗe mata hanya ko ya matse ta gwargwadon inda harshen yake. Wannan matsi shi ake kira turjiya, kuma ana auna shi da ma'aunin ohm. Agogon gaban direba bai san komai game da fetur ba. Abin da ya sani shi ne yawan wutar da ta samu wucewa, sai ya juya allura daidai da haka.

Wutar tana tasowa daga batir, ta bi ta fiyus idan an murɗa makulli, ta shiga agogon, ta bi waya zuwa tanki, ta ratsa farantin, sannan ta koma batir ta jikin motar. Wannan matakin na ƙarshe shi aka fi mantawa da shi. Ƙarfen jikin mota shi ne hanyar komawar wuta, kuma duk inda tsatsa ko taɓo ya shiga tsakanin waya da ƙarfe, lissafin geji ya rikice.

Agogunan ma iri-iri ne. Na tsofaffin motoci da yawa suna aiki da zafi: wuta tana ɗumama wani siririn ƙarfe mai fuska biyu, ya lanƙwasa, ya ja allura. Shi ya sa allurarsu ke tashi a hankali bayan an kunna makulli. Irin waɗannan sukan dogara da wata 'yar na'ura a bayan allon da ke daidaita musu ƙarfin wuta, kuma sau da yawa ita ce ke ciyar da gejin zafin inji ma. Wasu agogunan suna aiki da maganaɗisu, allurarsu na tsalle nan take. Na baya-bayan nan kuwa ƙaramin moto ne ke juya allurar bisa umarnin kwamfutar mota.

Abin da allura ke faɗa

Kafin a taɓa sifana, yana da kyau a zauna a lura da halin allurar, domin yadda take kuskure yakan nuna inda cutar take.

Idan gejin mai da gejin zafi suka rikice tare, su duka suka mutu ko su duka suka haura sama fiye da kima, to da wuya a ce tanki ne. Sai a duba fiyus, da na'urar daidaita wuta, da wayar da ke haɗa allon da jikin mota. Wannan ba abin jinkiri ba ne, domin direban da gejin zafinsa ke masa ƙarya yana iya ƙona inji bai sani ba.

Idan allura tana aiki lafiya daga F zuwa rabi, amma da ta sauko ƙasa sai ta fara rawa, ko ta faɗi gaba ɗaya sannan ta farfaɗo idan an faɗa rami, to farantin ne ya cinye a wannan yanki. A nan ɗabi'ar shan mai kaɗan-kaɗan ke nuna kanta. Mota tana tafe a kan gargada, mai yana kaɗawa, tulu yana hawa da sauka, harshe yana goga wuri ɗaya sau dubbai a kowace tafiya. Da ana cika tanki ana sauke shi, da gugar ta bazu a kan farantin duka. Amma motar da ta shekara biyu tana rayuwa tsakanin lita 5 da lita 15, duk cin yana taruwa a 'yan layukan ƙasa, har su shafe.

Allurar da ta kwanta a kan E ko an cika tanki, ko ta kafe a kan F ko mai ya ƙare, ita ce ke bukatar a san irin motar, domin kamfanoni ba su bi tsari ɗaya ba. A tsofaffin Toyota da yawa, turjiya takan kai kimanin ohm 110 idan tanki ya bushe, ta sauko wajen ohm 3 idan ya cika. Wani tsarin da ya yaɗu a Amurka yana tafiya daga ohm 240 a bushe zuwa 33 a cike. A irin waɗannan, wayar da ta tsinke takan kwantar da allura a E, wadda ta goge ta taɓa jikin mota kuma ta kai ta F. Amma akwai masu akasin haka: tsarin VDO na Turai yana hawa daga ohm 10 a bushe zuwa 180 a cike, tsofaffin motocin General Motors kuma daga 0 zuwa 90. A cikinsu tsinkewar waya F take nunawa.

Wannan bambanci yana da nauyi a batun tsatsa. Tsatsa a mahaɗar waya tana ƙara turjiya ne kullum. A tsarin farko, sakamakon shi ne geji ya nuna ƙasa da abin da ke tanki, wanda ɓacin rai ne kawai. A tsari na biyu kuwa sai ya nuna fiye da abin da ke ciki, direba ya ga kwata ya saki jiki, alhali saura kofi biyu.

A fara da mai araha

Kuskuren da aka fi yi a gareji shi ne farawa daga ƙarshe: a sauke tanki, a aika yaro kasuwa ya sayo sabuwar na'ura, a ɗaura, a kunna, allura ta ƙi motsi. Bakanike ko mai wayarin da ya san aikinsa yakan bi abin daga sauƙi zuwa wuya.

Fiyus ne farko. A zare shi a duba, ba a tsaya ga kallonsa daga waje ba, domin ƙafafunsa kan yi kore su daina ɗaukar wuta alhali cikinsa lafiya. A tsofaffin motocin da suka sha hannu, akan tarar an naɗa silin waya ko takardar sigari a madadin fiyus. Wannan ba gyara ba ne, ajiye gobara ne.

Daga nan sai kan tanki, inda wayoyi ke shiga na'urar. A Golf 3 akwai murfi a ƙasan but, a ƙananan motocin Japan da yawa yana ƙarƙashin kujerar baya, a akori-kura kuwa sau da yawa sai an shiga ƙarƙashi. A motar da ke bin gonaki, akan samu wurin ya toshe da busasshen taɓo da ƙaiƙayi. Wani lokaci share soket ɗin da matse ƙafafunsa kaɗai ke dawo da geji. Akwai kuma gwaji mai sauƙi na hanyar komawar wuta: a ɗauki guntuwar waya mai kyau, a haɗa jikin na'urar, ko ƙafarta ta komawa, da wani wuri a shasi da aka kankare ya yi fes. Idan allura ta gyaru nan take, an gano cutar, maganinta kuma kankare tsatsa da sabon noti.

Idan ba haka ba, sai gwajin da ke raba gardama. A murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, a zare wayar geji daga kan na'urar, wani ya zauna yana kallon allura. Ya kamata ta tafi ƙarshe ɗaya. Sannan a taɓa wannan waya da jikin mota na daƙiƙa biyu ko uku. Ya kamata allura ta nufi ɗaya ƙarshen. Idan ta yi duka biyun, agogo da waya lafiyarsu ƙalau, matsalar tana cikin tanki. Idan ba ta motsa ba, sai a maimaita gwajin a bayan agogon kansa: in ta amsa a can, waya ce ta tsinke a hanya, in ta yi shiru duk da wuta na isowa, agogon ne ya mutu.

Gwajin yana da sharuɗɗa biyu. Kada a bar wayar a manne da ƙarfe, domin agogo mai aiki da zafi yana iya ƙonewa. Ya fi aminci a sa ƙaramin ƙwan fitila mai kimanin wat 3 a tsakani, kamar yadda littattafan gyara na Toyota suka tsara. Na biyu, a motocin injekta da famfon mai ke cikin tanki, soket ɗaya ne ke ɗauke da wayar geji da wayar famfo, ita kuwa ta famfo tana ɗauke da cikakkiyar wutar batir. Wanda ya taɓa ta da ƙarfe zai ga tartsatsi a saman tankin fetur. Wayoyin famfo sun fi kauri, amma hannun da bai tabbata ba ya nemi mita ya auna tukuna. A motocin da kwamfuta ke sarrafa allonsu, gara a bar gwajin taɓa ƙarfe gaba ɗaya a yi aiki da mita.

Buɗe tanki

Idan komai ya nuna cikin tanki, to an zo wurin da ganganci ke kashe mutum. Tankin da ya kusa bushewa ya fi cikakke haɗari ta wata fuska, domin tururin fetur ne ke kamawa, kuma shi ne ya cika sararin da mai ya bari. Tururin ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya taru a rami ko ƙarƙashin mota, yana iya tafiya taku da yawa ya riski murhun mai shayi ko tartsatsin mai walda.

Saboda haka ana yin aikin a fili ne, nesa da wuta da janareta da mai shan sigari. A cire kan batir na jikin mota kafin a kwance komai. A share saman tanki sosai don kada ƙasa ta zuba ciki. Zoben da ke riƙe na'urar, in ya ƙi juyawa, da katako ko tagulla ake bugunsa, ba da kurfi da guduma ba, domin ƙarfe a kan ƙarfe yana haifar da tartsatsi. Lokacin hunturu, sa'ar da iska ta bushe har riga ke ƙara idan an tuɓe ta, ya kamata mai aikin ya taɓa jikin motar kafin ya kai hannu bakin tanki. A zaro na'urar a hankali ana karkata ta, kada hannun ya lanƙwashe.

Da ta fito, abu na farko shi ne a girgiza tulun kusa da kunne. Idan an ji ruwa na motsi a ciki, ya huje, mai ya shiga, ya nutse. Shi ya sa allura ta kwanta. Tsoma shi cikin ruwan ɗumi da aka kawo daga nesa yakan nuna hujin, domin kumfa za ta riƙa fita. Wasu kan liƙe na tagulla da dalma, amma kai zafi kusa da tulun da fetur ya kwana a ciki neman gira ne da zai iya cin ido. Sauya shi ya fi.

Sai a ɗora mita a ma'aunin ohm, a riƙa ɗaga hannun sannu a hankali daga ƙasa zuwa sama. Lambobi su riƙa sauyawa bi da bi. Duk inda suka yi tsalle ko suka ɓace, nan ne farantin ya mutu. In datti ne ko wani baƙi-baƙi ya rufe layukan, goge shi da tsumma mai laushi da man wanke mahaɗar lantarki yakan wadatar. Sanfefa kuwa gyaran gangar Auzinawa ce: layukan sirara ne ƙwarai, shafa biyu ta cinye abin da ya rage. Ɗan matse harshen don ya ƙara kama farantin yana sayen watanni, ba ya sayen shekaru.

Wannan baƙin da ke hawa farantin yana da alaƙa da irin man da ake sha. Layukan na'urori da yawa suna da azurfa a ciki, sinadarin sulfur kuma yana cin azurfa. A watan Mayun 2004, kamfanin Shell ya dakatar da sayar da fetur a ɗaruruwan gidajen mai a jihohin Louisiana da Florida na Amurka, bayan an gano man da ya fito daga wata matata yana ɗauke da sulfur da ya lalata gejin motocin mutane, har wasu suka riƙa ganin tanki cike alhali ya bushe. A nan gida, ba a manta da gurɓataccen fetur mai yawan methanol da aka shigo da shi daga Beljiyam a farkon 2022 ba, wanda hukumar NMDPRA ta tabbatar da shi a watan Fabrairun shekarar. Man 'yan bumburutu da ya kwana a jarkoki yana da nasa: ƙura da ruwa. Ruwa ya fi fetur nauyi, yana kwanciya a gindin tanki, a tankin ƙarfe irin na 504 kuma daga nan tsatsa ke farawa. Golf 3 ta tsira daga wannan ɗaya, domin tankinta na roba ne.

Idan tankin ne da kansa

Akwai lokacin da na'ura lafiya, agogo lafiya, amma geji na ƙarya, domin tankin ya sauya siffa. Motar da aka yi wa lodi fiye da kima ta sauko ƙasa, ta daki kunya ko dutse, gindin tanki ya lotsa ciki. Tulu ba zai ƙara kaiwa ƙasa ba, sai allura ta tsaya a kwata ko da mai ya ƙare, tankin ma ya rage ɗaukar abin da ya saba.

Hanyar shaƙar iska ma takan jawo haka. Yayin da famfo ke zuƙe mai, dole iska ta shiga ta maye gurbinsa, ta murfi ko ta wani siririn bututu. Idan ƙura ko taɓo ko ginin zanzaro ya toshe ta, famfo mai ƙarfi yana iya tsotse tankin har ya shige ciki. Alamarsa ita ce doguwar ƙarar shaƙar iska duk lokacin da aka buɗe murfi, da injin da ke shaƙewa bayan tafiya mai nisa ya dawo daidai da an buɗe. Wanda murfinsa ya ɓata ya toshe bakin tanki da leda da tsumma yana gayyato ko dai wannan ko ƙura. Gyaran lotsattsen tanki da wuta kuwa aikin gwani ne, bayan an wanke shi an kore tururin sarai. Tankunan da aka ɗauka babu komai a cikinsu sun sha tashi da masu walda.

Wata al'ada ta yankin noman rani ita ce zuƙo mai daga tankin mota da tiyo don a tayar da injin ban-ruwa. A motocin da wuyan tankinsu gajere ne, tiyon ko sandar da ake zurawa don auna mai tana iya tokarar hannun na'urar ta lanƙwasa shi. Daga ranar geji zai ci gaba da motsi kamar lafiya, amma ya karkace da lita da yawa.

Sayen madadi

Idan ta tabbata sai an sauya, mafi yawan masu motocin yankin Ƙofar Ruwa suke nufa a cikin Kano. Abin kiyayewa shi ne kamannin waje ba ya isa. Na'urori biyu na iya zama bakinsu ɗaya, ramukan notinsu ɗaya, amma turjiyarsu daban. A ɗaura mai tsarin 10 zuwa 180 a motar da agogonta ke jiran 110 zuwa 3, sai geji ya koma karatu a juye: a sha mai ya sauka, a ƙone shi ya hau. Tsawon hannun ma sai ya dace da zurfin tankin. Abin da ya fi shi ne a tafi da tsohuwar a hannu, da mita, a gwada sabuwar a gaban mai shago. Ta gwanjo da aka ciro daga mota irin wannan, in farantinta bai cinye ba, sau da yawa ta fi sabuwa mara suna daɗewa.

Kafin a mayar da ita cikin tanki, a jona wayoyinta a waje, nesa da bakin tankin da aka rufe, a ɗaga hannun a sauke ana kallon allura. Robar bakin kuma a sa sabuwa. Tsohuwar da ta bushe ita ce ke sa mota warin fetur duk lokacin da aka cika ta, kuma ta nan ruwan wanki da na taɓo ke shiga.

Ko lafiyayyen geji ba mudu ba ne

Rigima tsakanin mai mota da direbansa a kan mai tsohuwa ce, ta kuma ƙaru da tsadar fetur. Mai mota ya ba da kuɗin lita 20, ya ga allura ba ta kai inda yake zato ba, sai zargi ya shiga. Haka direba kan zargi gidan mai da tauye mudu. Tauye mudu yana faruwa, hukuma ma takan rufe gidajen mai a kansa, amma allurar geji ba ta isa shaida ba. Tanki ba akwati ba ne mai kusurwa huɗu. An ƙera shi ne ya zagaye ƙarfen ƙafa da salansa, wani wuri faɗi, wani wuri matsattse. Tulu yakan kai rufin tanki tun mai bai gama cika ba, shi ya sa allura ke daɗewa a F sannan ta gangaro da sauri. Tsayuwa a gangaren kanal ma tana sauya karatu.

Wanda ke son sanin gaskiyar gejinsa yana iya auna shi sau ɗaya ya huta. Lokacin da mai ya yi ƙasa sosai, a tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, a riƙa zuba lita 10 da jarkar da aka tabbatar da awonta, ana jira allura ta natsu, ana rubuta inda ta tsaya. Tankin Golf 3 lita 55 yake ɗauka, don haka zubi biyar ya kusa kai shi baki. Takardar da aka rubuta ta zauna a mota, mai mota da direba kowa ya san abin da rabi ke nufi a wannan motar.

Game da tafiya da ɗan mai kuwa, akwai maganar da ake yawan yi cewa idan mai ya yi ƙasa ne famfo ke fara jan dattin gindin tanki. Gaskiyar ita ce kullum daga gindi yake ja. Abin da ke faruwa shi ne ɗan man da ya rage yana kaɗawa da ƙarfi ya tayar da laka, famfo kuma yana haɗawa da iska. A motar kabureta irin 504, wadda famfonta ke jikin inji, abin yakan tsaya a toshewar filta. A motar injekta kuwa fetur ɗin ne ke sanyaya famfon da ke cikin tanki, yawan barinsa a fili yana rage masa kwana, kuɗinsa kuma ya fi na na'urar geji nesa ba kusa ba. Mai Canter ko J5 ta dizal da ya bari mai ya ƙare, ko ya samo galan sai an fitar da iskar da ta shiga bututu kafin inji ya yarda ya tashi.

Kafin a samu halin gyara, lissafi yana iya tsayawa a madadin allura. Motoci sun daɗe suna yawo babu geji: Volkswagen Beetle sai a farkon shekarun 1960 ta samu nata, kafin nan ɗan famfon ajiya gare ta da ake juyawa idan inji ya fara tari, irin wanda ke jikin babura har yau. Direban da mitar tafiyarsa ke aiki ya cika tanki sau ɗaya, ya rubuta lambar kilomita, ya yi aikinsa na kwana biyu, ya sake cikawa, ya raba kilomitan da ya yi da litar da ta shiga. In ya samu, a misali, kilomita 8 a kowace lita da lodi, ya san lita 10 ba za ta kai shi kilomita 80 ba sai da ƙyar, ya kamata ya nemi gidan mai tun a 60. Lissafin kwalta daban yake da na cikin gona, inda ake tafiya da giya ɗaya ko biyu, inji kuma yana aiki a tsaye yayin lodi. Duk litar da aka zuƙa aka ba injin ban-ruwa ita ma a rubuta ta. Wanda mitar tafiyarsa ma ta mutu, sai ya ƙirga da sawu: sawu nawa daga gona zuwa Kwanar Gafan lita 10 ke yi, ya rage ɗaya.